Sifili a Fadamar Gabas

Mai Kunne ake ce masa a wurin aiki. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ƙirga wata 'yar tsuntsuwa da suke kira 'yar fito, wadda aka ce ba ta saura ko'ina ba sai a fadamu biyu da ke kusa da sansaninsu, ɗaya gabas ɗaya yamma. Tsuntsuwar ba ta kai babban yatsa biyu ba, kuma ba ta yarda a gan ta. Cikin ciyawa take shigewa, sai dai a ji siririn fitonta. Saboda haka da kunne ake ƙirgar. An kafa turaku goma sha biyu a kowace fadama. Da sassafe yakan tsaya minti goma a gindin kowanne, ya rubuta adadin da ya ji.

A fadamar gabas lissafi ya riƙa zubewa. Daga talatin da ɗaya, da shekara ta zagayo suka koma tara, bana kuwa sifili tun farkon damina. Na yamma ma ya ragu, amma can ciyawa gajera ce, yakan hango su jifa-jifa.

Dakta, shugabar aikin, ta zo daga birni. Ta zauna a ɗakin kwanon da suke ajiye kaya, tana juya littafinsa.

"Baba, ka tabbata babu ko ɗaya?"

"Ranki ya daɗe, in akwai ai da na ji."

Ba ta ja da shi ba, don shi ya koya mata kukan tsuntsuwar tun tana ɗaliba. Ya sa hannu a rahoton cewa babu su a fadamar gabas. Bayan wata uku hukuma ta saki fadamar gabas ga wani kamfani da ya daɗe yana neman ya tsane ta ya yi gona.

Ana cikin haka autarsa, wadda ke aikin jinya, ta samu hutu ta kawo masa maganin ciwon gwiwa. Da safe ta ce sai ta bi shi ta ga abin da ya raba su da ubansu shekara da shekaru. Ya ara mata takalmin roba, tana tafe tana mita wai ƙafarta na iyo a ciki.

A turke na bakwai na fadamar yamma ya ɗaga hannu alamar a yi shiru. Minti goma suka cika, ya ɗora biro zai rubuta sifili.

"Baba, su waɗannan masu fiton ba sa cikin lissafi?"

"Waɗanne?"

"Ga ɗaya nan dama da kai. Ga wata can baya." Ta tsuke baki ta kwaikwayi kukan, sau uku gajere, ɗaya dogo.

Kukan ne, babu ko tantama. Ya juya kunnen dama, ya juya na hagu. Yana jin kwaɗi, yana jin iska a ciyawa, yana jin numfashin 'yarsa. Ban da wannan babu komai.

"Guda nawa kike ji?"

Ta saurara. "Huɗu. Ko biyar."

Ya zauna a kan laka da wandonsa. Ta durƙusa kusa da shi, ta yi magana a hankali kamar yadda take yi wa majinyata, ta ce haka kunne yake yi in shekaru sun ja, siririn sauti ne ke fara tafiya, mutum bai sani ba.

Bai koma sansani ba. Ya hau tudun da ake samun layin waya, ya kira Dakta ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Zan rubuta wa hukuma yau," in ji Dakta. "Amma Baba, kwana tara ke nan da shigar motocin kamfanin."

Daga nan ya wuce gabas, tafiyar awa biyu, autar na biye da shi. Sun tarar an yanka fadamar da wani dogon rami, ruwa na tsiyaya ciki, an tara ciyawa gefe ana ƙonawa. Direban motar haƙa ya kashe inji da ya ga dattijo yana ɗago masa hannu.

"Ɗana, ka ga wasu ƙananan tsuntsaye a nan?"

"Masu ruwan ƙasa? Kwanakin farko kam suna ta tashi gaban mota. Har na ce wa mutanenmu ashe wurin da masu shi. Yanzu dai sun daina."

Wasiƙar Dakta ta isa, aka ce za a duba. Kafin a duba, an gama aikin. Abin da ta iya yi shi ne ta kawo na'urorin naɗar sauti ta ɗaure a turakun yamma, suka nuna tsuntsaye ashirin da shida, aka hana taɓa wurin.

Ta so ta sallame shi cikin mutunci ya je ya huta. Ya roƙe ta ta bar shi ko da canza batir ne. Shi yake yi har yanzu, duk ranar Litinin, da jaka a kafaɗa. Wata safiya yana kwance na'ura a turke na huɗu, sai tsuntsuwar nan guda ɗaya ta fito ta sauka a kan kara, taku uku daga gare shi. Ya ga bakinta na buɗewa, maƙogwaronta na rawa. Ya tsaya da batir a hannu har ta gama ta koma cikin ciyawa, sannan ya ɗaure na'urar ya nufi turke na biyar.