Shukar Dunduniya

Mijinyawa mutum ne da bai taɓa shakkar hannunsa ba, kuma a gaskiya hannun bai cika ba shi kunya ba. A Dakoro in ana zancen shukar gero shi ake nunawa: ya sara rami da sungumi, ya jefa iri, ya turo ƙasa da dunduniya ya danne, duk ba tare da ya sunkuya ba. Abu ɗaya ne ya gagare shi, zama gida da rani. Da an gama kaka an liƙe bakin rumbu, sai ya bi sauran maza Kano cin rani, don hatsin ya kai iyali damina. Rani goma sha bakwai yana haka. A cikin ɗayansu ne mahaifinsa ya rasu, bai ji ba sai da ya dawo ya tarar har ƙasar kabarin ta kwanta.

Shekara biyu da sauke tutar Faransa, uwarsa Nagoggo, wadda idonta ya daɗe da tafiya, ta kira shi ɗakinta bayan an kai damin ƙarshe gida. Ta laluba ta kama wuyan hannunsa.

"Bana ka zamna," ta ce. "Ubanka hannun maƙwabta ya ruhe shi. Ni naka nika so."

Maganar ta shige shi ƙwarai, ya ce mata to. Amma matarsa Hadizatu, wadda ba ta iya kwana-kwana ba, ta gaya masa cewa rumbun bana ba zai ɗauki cikinsa ba sai in hannunsa na kawo wani abu. Suka tsaya a kan magana ɗaya. Abokinsa Cindo, jagoran ƴan cin rani, zai tashi da rukunin ƙarshe bayan kasuwa shida, a kamiyo, babbar motar da ke kwasar gyaɗa zuwa Maraɗi. In ranar ta zo Mijinyawa bai da wata sana'a tsayayya, zai hau.

Sana'ar kuwa ya riga ya hango ta. Gari ya cika da sababbin ma'aikata, malaman lakwal, wato makarantar boko, da jandarmomi da mai allurar asibiti, dukansu masu son ɗanyen tumatir, ga shi ba ya iso musu daga Maraɗi sai ya dame a kwando. Ga kuma tabkin bakin gari da ke riƙe ruwa har sanyi ya wuce. Ranar kasuwa ya nemi Agali, wani Buzu mai lambu a duwatsun Abzin, wanda ke zuwa da ayari kowace kaka yana musanya busasshen tumatir da gero. Agali ya auna masa busasshen na miya, ya kuma kwance wani ɗan ƙulli daga rawaninsa ya ba shi iri, ƙanana, shafaffu, ba su fi cikin tafin hannu ba. Ya fara yi masa bayani a hankali, cewa a watsa shi a sama, a yayyafa masa ƙasa kamar yadda ake barbaɗa gishiri, in ya yi ganye huɗu a cire a dasa. Mijinyawa yana ta gyaɗa kai, amma kunnensa na wajen cinikin wani rago. Shi da ya shekara talatin yana shuka, mai raƙumi ne zai koya masa?

Ya kewaye fili da ƙaya a bakin tabki, ya zuba takin awaki, ya jiƙa ƙasar. Washegari da hantsi ya ɗauko sungumi. Kai, ranar ya yi aiki mai kyan gani! Layuka a miƙe, ramuka zurfin rabin kamu, kowanne ya samu tsunkule guda, kowanne ya sha dunduniya. Kafin rana ta take ya gama da irin kakaf, ya karkaɗe tsumman, ya ce wa masu shayar da dabbobi su fara wanke tukwanensu.

Kwana bakwai yana ɗibar ruwa da tulu safe da yamma, bai ga komai ba. Ya ce irin dutse ne, dole ya yi nawa. Kwana goma sha huɗu, ciyawa ta fito, ita kam ba ta ƙi ba. Cindo ya riƙa biyowa yana leƙe ta saman ƙaya yana tambaya ko tumatirin ta ƙasa yake ƴaƴa kamar gyaɗa. A rana ta goma sha shida Mijinyawa ya tona rami ɗaya da yatsa, can ƙasa ya tarar da wasu fararen zaruruwa sun tsiro sun murɗe sun ruɓe, ba su kai ko rabin hanya ba. Ya tona na biyu, ya tona na goma, duk haka. Ga shi ayarin Agali ya riga ya yi kudu, kuma babu ko ƙwaya ɗaya a tsumma.

Ya koma gida ya wuce ɗakin uwarsa da sanɗa, kunyarta yake ji. Ya tafi gindin randa zai sha ruwa, sai Hadizatu ta ce ya kula da ƙafarsa kada ya take mata ciyayi. Ya duba, ga wasu ƴan tsirrai cunkus a damshin gindin randar, masu gashi-gashi a kara. Ya murza ganye ɗaya, wani wari mai kaifi ya kama masa yatsu, warin da ya sani a lambunan bakin Kano.

Ashe tun ranar da ya kawo busasshen tumatirin nan, Hadizatu jiƙa shi take yi ta matse ta tace, don ƴaƴan suna shiga wa Nagoggo dasashi su hana ta jin daɗin tuwo. Tuƙar kuwa nan gindin randa take watsar da ita. Babu rami, babu sungumi, sai ɗan yashin da tsintsiya ke turowa.

"Malam," ta ce, tana danne dariya, "ni ban shibka ba, zubarwa na yi. Kai mi ka yi ma naka?"

"Binne shi na yi," ya ce. "Da rai."

Da wani ne, da ya ji kunya ya bari. Mijinyawa kuwa a take ya ce ai dama ya san irin Abzin mai kyau ne. Sai a lokacin maganar Agali ta dawo masa, gishirin da ganye huɗun. Ya kifa tsohon kwando a kan tsirran saboda kaji, ya huda ƙwarya da tsinke don ruwa ya riƙa sauka musu kamar yayyafi. Sauran busasshen tumatirin ma ya ƙwace shi daga tukunyar Hadizatu, ya fiɗe ƴaƴan ya watsa a fasassun tukwane, gidan ya koma miyar kuka zalla. Kowace yamma in ya je gaida Nagoggo, sai ta kama hannunsa ta shinshina ta ce yana warin wata ciyawa da ba ta sani ba.

Saura kwana biyu kamiyo ya tashi, na gindin randa suka cika ganye huɗu. Da la'asar ya ciro su da ƙasarsu a cikin cokalin ƙwarya, guda arba'in da uku, ya kai lambu ya dasa. Wannan karon a durƙushe ya yi aikin, da yatsu, mutumin da bai taɓa sunkuya wa shuka ba.

Washegari, ranar kasuwa, ya je da azahar ya tarar da su duka kwance a ƙasa, sun yi laushi kamar dafaffen rama. Ya kakkafa musu guntayen zana don inuwa, ya ba su ruwa, amma zuciyarsa ta riga ta karaya. Cindo ya zo ya duba, wannan karon bai yi zolaya ba, ya dai ce kamiyo na tashi gobe da hantsi. Hadizatu ta ɗaure masa kaya. Da ya je sallamar uwarsa, ta juya fuska bango ta ce Allah ya kiyaye hanya. Bai taɓa jin addu'ar da ta yi masa ciwo kamar wannan ba.

Da safe ya saɓa ƙunshinsa, ya ce bari ya biya ta lambu ya buɗe ƙaya, ko awakin mutane sa amfana. Ya janye ƙayar, ya tsaya.

Suna tsaye. Sanyin safiya ya miƙar da su, kowanne ya buɗe ganye, raɓa na kansu. Ya bi layi yana ƙirgawa da yatsa, uku ne kawai ba su tashi ba. Ga kuma na fasassun tukwane a gida suna jiran nasu lokacin. Ya sauke ƙunshin a kan kunya, ya ɗauki tulu ya nufi tabki. Da kamiyo ya zo wucewa ta hanyar Maraɗi, Cindo ya ɗago hannu daga saman buhuna yana kiransa, Mijinyawa ya ɗaga masa ƙwaryar ban ruwa, ya ce ya gaida Kano.

Sai da rana ta ɗaga ya koma gida. Hadizatu ta ga ƙunshin, ta ga laka a gwiwoyinsa, ta ce to, sai a ƙara tsaba a turmi. Shi kuwa ya wuce ɗakin Nagoggo. Tana nan yadda ya bar ta, fuska a bango, ƙoƙon furarta ko taɓawa ba ta yi ba, don ta ji ƙarar kamiyo da kunnenta. Ta ji motsi ta tambaya ko Hadizatu ce. Ya ƙarasa wurinta. Ya durƙusa ya miƙa hannunsa kusa da fuskarta.

Ta ja numfashi sau ɗaya, ta sake ja. Sannan ta kama hannun da nata biyu ta riƙe gam.

"Inna, sun tashi," ya ce.

"Na jiya, ga warinsu nan," ta ce. "Miƙo mini hurata."