Bulala Ta Uku

Ni malamin elemantare ne a Batsari kafin En'e ta tura ni Kaduna koyon aikin majigi, shekara shida kafin Turawa su tafi. Can na koyi yanka fim da almakashi, in haɗa da gam, in sa abin da ya faru ya zama kamar bai faru ba. Na dawo ina ji da kaina, da safe alli, da yamma almakashi, ana ce mini Malam Sada mai majigi.

A kakar nan Baturen da ke kanmu, wanda muke ce wa Dogo, ya ɗauki fim ɗin shaɗin Fulani a kasuwar Ruma. Da fim ɗin ya dawo daga wanki ya ba ni in duba, ya ce kada in taɓa ko ɗan yatsa ɗaya, haka za a nuna shi ranar kasuwa.

Na ɗaga fim ɗin a hasken taga ina bi hoto-hoto. Ga wani saurayi, Hamidu, tsirara daga ƙugu, ya ɗaga madubi yana murmushi, abokin karawarsa Hamma na zabga masa tsumagiya. A shaɗi ana yi maka, kai ma ka rama daidai yawan abin da ka sha, wanda ya nuna zafi kuwa ya zubar da kansa har abada. Bulala ta ɗaya da ta biyu Hamidu ko gezau. A ta uku ya runtse ido, bakinsa ya karkace. Ƙiftawar ido ce, ba wanda ya lura a filin, har aka ba shi Asta ya aura. Amma inji ya gani.

Ranar Laraba ina tashin yara sai ga Hamidu a ƙofar aji, sanda a kafaɗa, takobi a rataye. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da ɗalibai, ni kuwa idona na kan takobin. Ya ce ya ji inuwarsa tana cikin gwangwanin fim ɗina. Na ce haka ne.

"Malam," ya ce, "ni na san abin da na yi a ta uku. In surukaina suka gani, ba zan kwana a Ruma ba. Ban san inda kai za ka kwana ba."

Ya juya ya tafi. Na zauna a bencin yara. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya, na Dogo da na takobi, na ga dai Dogo kora kawai zai yi. Na cire bulala ta uku ɗungurungum, tun daga ɗaga hannu har saukarsa, na haɗa bakin da kyau yadda ko malamina na Kaduna ba zai gane ba. Guntun na naɗe na jefa aljihu, har ina yaba wa kaina.

Ranar kasuwa bayan magariba muka kafa farin ƙyalle a Ruma. Fulani suka cika fili, Ardo a gaba, Dogo a kujerarsa, ni a bayan inji. Abin da ban yi tunani ba, ni ɗan boko mai wayo, shi ne Bafulatani ba kallon shaɗi yake ba, ƙirga shi yake. Na ji su suna bi da baki: ɗaya, biyu. Sai ga Hamidu a ƙyalle ya karɓi tsumagiya ya yi wa Hamma uku cif.

Fili ya ɗauki guna-guni. Hamma ya miƙe. Ya san sarai uku ya yi, amma shi ma ya nemi Asta ya rasa, ga dama ta faɗo masa.

"Ardo, kowa ya gani," ya ce. "Biyu na yi masa, ya yi mini uku. Saura ɗaya."

Dattawa suka ce su dai uku suke tunawa, amma wani ya ce hoto ba ya ƙarya, kuma ba wanda ya iya musa masa. Sanduna suka fara ɗagawa ta ɓangare biyu. Dogo ya waiwayo yana tambayata me ke faruwa, na ce ban sani ba. Hannuna na cikin aljihu a kan guntun. In na fito da shi rigima ta mutu, amma sai kowa ya ga fuskar nan ta Hamidu. Na bar shi a aljihu.

Hamidu ya dube ni sau ɗaya. Ya tuɓe rigarsa, ya karɓi madubi a hannun wata yarinya, ya shiga cikin hasken injina ya tsaya, inda ko ƙuda ya sauka a fuskarsa kowa zai gani. Asta na tsaye cikin mata. Hamma ya ja da baya, ya ɗaga tsumagiya.

Na ji ƙararta a jikinsa, na ji guɗa ta tashi, na ji an fara kiɗa. Shekara ashirin na yi bayan nan ina koyar da yankan fim, guntun nan yana cikin akwatina, kuma ban taɓa ba ɗalibi almakashi ba sai na ba shi wannan labari. Kullum sai sun tambaye ni ko Hamidu ya ƙifta a karo na biyu. Ban sani ba. Ni ne na runtse ido.