Fim ɗin da Ya Ga Rana

Ƙarfe goma na safe ne, ranar Talata, amma rana ta riga ta buɗe kamar azahar. Bazara ta kama, kogin Komadugu ya ƙafe sai rairayi, ko ganye ba ya motsi. Jibirin ya diro daga bayan motar Ari a tashar Diffa yana kakkaɓe 'ya'yan tattasai daga rigarsa, don a kan buhuna ya zauna tun daga Geskeru.

"Manomi!" in ji Ari direba, ya leƙo ta taga. "Yau dai za mu ga fuskarka a takarda. Allah ya sa ba ka rufe ido ba."

"Ba tawa nake nema ba."

Ari ya tuna, ya sosa ƙeya. "Allah ya jiƙanta. Je ka, ƙarfe sha biyu nake juyawa. Ka gaishe da Maikano, ka ce Ari na nan."

Ari ne ya nuna masa shagon, Talatar da ta wuce. A ranar Jibirin ya hau motar da fim ɗin a ƙulle cikin ƙyalle, ya tambayi inda zai kai. Wani fasinja ya ce akwai masu hoto a bakin kasuwa, sai Ari ya daka masa tsawa.

"Rufe mini baki! Waɗanda ke shanya fim a rana kamar kifin Bosso? Su sayar maka da wanda ya mutu tun bara, su wanke maka naka ka fito kore shar. Maikano kaɗai na sani. Fim ɗinsa cikin randa yake ajiyewa saboda zafi. Shi da ƙafarsa yake kai aiki Maiduguri, ba ya ba ɗan aike. Shekara tara ina tura masa mutane, ba wanda ya dawo ya zage ni."

Jibirin bai yi musu ba. Fim ɗaya ne, ba shi da na biyu. Ranar sunan 'yarsa Nabila aka ɗauka, da kyamarar abokinsa Abbakar da ya zo daga Bosso. Matarsa Aliya ta sa sabon zane, ta zauna a ƙofar ɗaki da jaririya a cinya, tana ta rufe baki da gyale don dariya. Abbakar ya yi ta roƙonta ta sauke hannu har ta sauke. Da zai tafi ya cire fim ɗin ya ba Jibirin, ya ce ya kai gari in ya sami sarari. Kwana goma sha ɗaya bayan nan zazzaɓi ya ɗauke Aliya. Ba ta taɓa yin hoto ba, ko na katin shaida. Duk abin da Nabila za ta sani na fuskar uwarta yana cikin ɗan gwangwanin nan da bai kai babban yatsa biyu ba.

Surukarsa, Iya Fati, ita ta karɓe shi ta ɓoye cikin kwallarta ta turare, ta hana kowa taɓawa har aka yi sadakar arba'in. Ranar da za ta miƙa masa ta ce, "Ungo. Ni dai na duba ban gan ta ba, idona ya tsufa. Kai wa masu ido." Shi kuma ya karɓa da hannu biyu, kansa a sunkuye.

Shagon Maikano na bayan kasuwa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen gidan sama inda ake tsayawa a yi hoto, da randa a kusurwa an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Maikano dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Yana cikin goge wata kyamara ya ga Jibirin, sai ya ajiye ta a hankali.

"Lale, mutumin Geskeru. Zauna. Sha ruwa tukuna."

"Na sha a hanya, Baba."

"Ƙara."

Jibirin ya ƙara. Ya lura dattijon ya sallami wani mai son hoton kati, ya ce ya dawo bayan la'asar, sannan ya saki labulen ƙofa.

Maikano ya buɗe akwatin tebur ya zaro fim ɗin, dogo, ya ɗaga shi wajen taga. Baƙi ne wuluk kusan daga wannan kai zuwa wancan.

"Ɗana, na tsaya a kan mai injin da kaina. Ba daga wanki ba ne. Wannan fim ya ga rana."

"Cikin ƙyalle na kawo shi."

"Na sani. Kafin ƙyallen nake nufi. Wani ya ja harshensa ya zaro shi waje, sannan ya murɗa ya mayar. Dubi nan." Ya nuna wasu tabo a jere, zagaye-zagaye. "Sawun yatsa ne. Da na buɗe ƙyallenka ma ƙamshin turaren wuta ya buge ni, na so in yi magana, na ce bari dai in gani."

Jibirin ya zuba wa sawun ido. Ƙananan yatsu ne, an danna su da ƙarfi, kusa da kusa, kamar mai bin layi yana neman wani abu. Sai maganar ta dawo masa. Na duba ban gan ta ba. Shi ya ɗauka juya gwangwanin ta yi a tafin hannu. Ashe tsakar gida ta fita da shi, ta ɗaga sama yadda ta ga malamin likita na ɗaga hoton ƙirji, tana neman 'yarta a jikin fim ɗin gida-gida.

Bai yi kuka ba. Ya dai riƙe gefen bencin, ya ce, "Duka, Baba?"

"Saura ɗaya. Na can ƙarshe, wanda bai fito daga gwangwani ba."

Ya miƙa masa ambulan. Jibirin ya goge hannu a riga sau biyu kafin ya buɗe. Tsakar gidansu ce da yamma, taro ya watse. Ga fatar ragon suna a shanye, ga tabarmi a naɗe. Da alama Abbakar ya danna ne kawai don fim ya ƙare. Can gefe ga Aliya ta juya baya, za ta shiga ɗaki, ƙwarya a hannun hagu, hannun dama ya ɗaga labule. Ana ganin sabon zanen, da kitsonta, da lallen diddigenta.

Ya daɗe yana kallo. Har ya karkata takardar kaɗan, sai ya ji kunyar kansa ya daidaita ta.

"Ba za a iya juyo ta ba ko?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Da ana iyawa, da na kwana a Maiduguri."

Waje ana ta cinikin tattasai, wani na rantsuwa buhunsa ya fi na kowa ja. Maikano ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Wa ya ajiye shi?"

"Uwarta."

"Tana da wata 'yar?"

"Ita kaɗai ce. Yanzu jaririyar ma tana hannunta. Tun asuba ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta ce ba za ta tashi ba sai na kawo mata Aliya." Ya dubi baƙin fim ɗin. "In ta san hannunta ne, Baba, ba za ta kai damina ba."

Maikano ya naɗe baƙin fim ɗin a yatsa, ya jefa cikin akwatinsa, ya rufe.

"To ba hannunta ba ne. Ka ce mata Maikano ya ƙona."

"Ƙarya ke nan."

"A kaina za ta faɗo, ba a kanka ba."

"Da motar Ari na zo. Zai tambaye ni. In na faɗa masa gaskiya, kafin magariba Iya ta ji a bakin rijiya. In kuma na faɗa masa wannan, daga nan har Bosso ba ƙauyen da ba zai kai sunanka ba."

"Na san bakin Ari tun yana yaron mota," in ji Maikano. "Bari ya kai. Masu hoton kati ba za su ƙare ba. Tashi, kada ka rasa wuri."

Jibirin ya tashi. Ya fita ya bi rana har tasha, bai ma san ya bar ambulan a kan benci ba.

Ari ya ajiye masa kujerar gaba, kusa da shi. Tun kafin ya rufe ƙofa ya miƙo hannu. "Kawo mu gani."

"Ya ƙone."

"Me ya ƙone?"

"Fim ɗin. A wajen wanki." Jibirin ya kalli gwiwoyinsa. "Mai shagon ya ce kuskurensa ne."

Ari ya bugi sitiyari har hon ya yi ƙara. "Maikano? Maikanon da nake rantsuwa da shi? Jama'a, kun ji! Hoton mamaciya guda, tsohon nan ya ƙona! Ni na kai yaron nan da bakina. Wallahi in na sake tura masa ko akuya a aske ni da kwalba!"

Fasinjojin baya suka ɗauka. Wata mata ta ce dama tsufa ya ci idonsa. Mutumin da aka daka wa tsawa Talatar da ta wuce ya ce ai shi ya faɗa. Jibirin ya jingina kai da ƙarfen ƙofa, zafinsa na cin kunnensa, bai ɗaga ba.

Motar ta fara mirginawa ke nan sai ga Maikano yana sauri tsakanin buhuna, takalmi na ja masa ƙasa, tabarau na lilo a wuya. Ya zo ta wajen tagar Jibirin yana haki.

"Ga shi nan, maƙonin!" Ari ya ɗaga murya. "Da idonka ka zo, Baba? Ba ka ji kunya ba?"

Maikano bai dube shi ba. Ya zura hannu ta taga ya ɗora ambulan a cinyar Jibirin. Ashe ya sa shi tsakanin kwali biyu, ya naɗe da leda, ya ɗaure da zare.

"Kada ka sa a aljihun ƙirji," ya ce. "Zufa na cin hoto."

Ari ya taka mota. Jibirin ya riƙe ƙullin da hannu biyu, nesa da jikinsa, har suka fita gari.