Abin da Furera Ta Faɗa wa Abby

Yayata Furera likita ce, amma a kan 'yarta ta fari ba ta da maraba da kakarmu ta Kano. Ba ta kama sunan Haula, "waccan" take ce mata, kuma ko za a yanka ta ba za ta yabe ta ba. A garin Upper Marlboro na Amurka fa, inda uwa ke manna sunan makarantar ɗanta a bayan mota don kowa ya gani.

Haula 'yar tenis ce, irin wanda ake bugawa bibbiyu. Abokiyar wasanta Abby 'yar Ingila ce, doguwa, mai cin tuwo da cokali mai yatsu. Tare suka faro daga ƙasa. Sai bara Haula ta ji ciwo a gwiwa ta zauna jinya, Abby kuwa ta yi ta buga wasa da wasu tana ci, sunanta na hawa a jerin gwanayen duniya kamar kuɗin haya. Da gasar Washington ta matso, Abby ta sauka gidan Furera yadda ta saba, amma bana manyan 'yan wasa irin su Irene na ta nemanta. Matsayin mutum biyu ake haɗawa a ba su gurbi, na Haula kuma ya zube. In da Abby, za ta shiga da ƙyar. In babu Abby, sai kallo.

Satin nan ba wanda ya zauna wuri ɗaya. Haula ta fita gudu, ta dawo, ta sake fita. Abby na zagaye bayan gida da waya a kunne. Furera ta yi ta dirzar tukunya kamar za ta huda ta. Ni da na zo daga Hyattsville in kwantar musu da hankali, nawa ya fi na kowa tashi.

Ranar rufe rajista da hantsi, Haula ta tafi gashin gwiwa. Abby ta same mu a kicin.

"Mama, ke likita ce, ke kuma kika haife ta. Gaya mini gaskiya, ta shirya?"

Furera ta yi murmushi ta kau da kai.

"Waccan? Ai raguwa ce, barci kawai ta iya. Ke ce dai kike ta jan ta, Allah ya saka miki."

A gida kowa ya san amsar wannan. Sai ka ce haba Hajiya, yarinya kamar wannan, uwa ta sunkuyar da kai tana jin daɗi. Abby kuwa ajiyar zuciya ta yi, ta rungume Furera, ta ce ta gode da ba ta ɓoye mata ba. Ta saɓi jakar raket ta fita.

"Yaya, kin san me kika yi?" na ce.

"Kara na yi mata mana."

"Baturiya kike wa kara? Ta ɗauka sakamakon asibiti kika ba ta!"

Da silifas ɗin wanka ta shiga motata, muka nufi ofishin gasa. Babban titin Beltway ya cushe, wayar Abby ba a ɗauka, Furera na ta salati tana ce mini in ratsa ta gefe. Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya hana ni magana.

Mun tarar da Abby a bakin ofishin gasa, Haula da ta wuce can daga wajen gashi tana tsaye kusa da ita, idanu jajur. Furera ta kama hannun Abby, Turanci na zuba ba waƙafi.

"Ba haka ba ne! Gwiwar ta warke, da hannuna na duba. Tun asuba take tashi. Ina laɓewa a taga in kalle ta. A gaban raga ba wadda ta kai ta, ko ke!"

Fuskar Abby ta yi ja.

"Mama, na riga na sa hannu da Irene. An rufe."

Haula, wadda kullum da Turanci take amsa mana, ta dubi uwarta ta yi magana da Hausa a hankali.

"Mama, ashe kina kallona?"