Ƙaho a Gwiwar Labaran

Ciwon gwiwa bai faɗo wa Labaran rana ɗaya ba. A hankali ya shige shi, a wani kamfanin jima da ke Challawa, inda aikinsa shi ne tsamo fatun shanu daga kwarmin ruwan magani mai zubar da gashi, ya saɓa a kafaɗa, ya kai bakin inji. Fatar bijimi in ta sha ruwa, nauyinta ya kusa na mutum. Daɓen wurin siminti ne, kullum a jiƙe. Gwiwar dama ce ta fara, ƙugu ya bi baya, har ta kai in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe.

Maganin da kowa ya sani a layin kamfanonin shi ne kodin. Mai tebur na bakin ƙofa yana sayar da shi kusa da goro da sigari, ba kunya ba tsoron Allah. Mutum zai haɗiya da safe, jikinsa ya yi shiru, ya yi ta aiki kamar jaki. Ba warkewa ya yi ba, an dai rufe wa ciwon baki ne.

Labaran ba ya sha. Wansa Muntari ya sha a wata masaƙa a Bompai, gyangyaɗi ya ɗauke shi a tsaye, inji ya cinye masa hannu har gwiwar hannu. Labaran ne ya goya shi zuwa titi neman mota, kuma tun ranar ya rantse ƙwayar nan ba za ta wuce maƙogwaronsa ba.

Abin da ya dogara da shi kaɗan ne. In ya komo gida Dorayi da la'asar, matarsa Hajjo takan soya yashi a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta gasa masa gwiwa da ƙugu. Sai ta murje wurin da man kaɗanya da ta kwaɓa da garin citta. Da safe yakan yi ta miƙe ƙafar yana lanƙwasawa kafin ya hau keke. Wannan bai raba shi da ciwon ba, amma yana sa ya iya wuni a tsaye.

Sai shekarar da gwamnati ta tsuke bakin aljihu ta zo, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Labari ya bazu cewa daga Litinin helima, shugaban leburori, zai tsaya a ƙofa yana duban tafiyar kowa, duk wanda ya ga yana ɗingishi, shi za a fara sallama.

Ranar Asabar da aka tashi, abokin aikinsa Uwaisu, Badamagare mai yawan tsokana, ya tare shi wurin ajiye kekuna.

"Kai Bakano, wannan tafiya taka ta agwagwa, ai tun daga gadar Challawa helima zai hango ka." Ya buɗe tafin hannu, ga ƙwayoyi farare. "Karɓi. Na Litinin kaɗai."

"Mayar aljihunka."

"To ranar sai ka aiko Hajjo ta bi ka da kaskon yashi har bakin inji."

"Ka je ka ga hannun Muntari, sannan ka dawo mu yi wasa."

Uwaisu ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Muntari ya yi sakaci ne. Ni na san iyakata."

Lahadi da hantsi Labaran ya tafi wurin Gwadabe, wanzamin unguwarsu, ya ce a yi masa ƙaho a gwiwa. Gwadabe ya kafa ƙahon, ya zuƙa, ya cire, ya tsattsaga fatar da aska, ya sake kafawa. Jini ya fito baƙi ƙirin, mai kauri.

"Ka ga mataccen jinin da kake yawo da shi?" in ji Gwadabe. "Yanzu saura naka. Ka zauna a gida, kada ruwa ya taɓa tsagar nan sai ta kame."

"Baba Gwadabe, gobe Litinin."

"Ni ban san Litinin ba. Iyayenmu in sun yi ƙaho hutawa suke yi."

"Iyayenmu ba su da helima."

Gwadabe ya goge askarsa. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar manomi ce mai ikon ranarsa. Ma'aikacin kamfani Lahadi kaɗai ya mallaka.

Da safe Hajjo ta cika tsagar da man kaɗanya, ta naɗe da tsumma. "Malam, ka haƙura da yau mana," ta ce. Ya ce in ya haƙura da yau, ya haƙura da aikin ke nan.

Ko ƙahon ne, ko tsoro, Allah ne masani, amma ƙafar ta yi masa sauƙi. Ya wuce gaban helima a miƙe, kamar saurayi. Helima ya dube shi sama da ƙasa, ya kau da kai. Uwaisu ya raɗa masa, "Munafuki, ashe ka sha a ɓoye." Labaran ya yi murmushi. Ranar ce kawai ya ji ya fi ƙarfin ciwon.

Abin da bai lissafa ba shi ne ruwan kwarmi. Takalmin robarsa iyakarsa ƙwauri. Duk fatar da ya saɓa, ruwanta na tsiyaya ta ƙirji, ya bi wando, ya taru a tsumman gwiwa. Ruwan da ke tuge gashin bijimi daga fatarsa, shi ne ya wuni kwance a kan ɗanyar tsaga. Kafin azahar gwiwar na ci kamar an zuba garwashi. Ya so ya fita ya wanke, ya ɗaga kai ya ga helima tsaye da hannu a baya. Ya sunkuya ya tsamo wata fatar.

Kafin mako ya raba, gwiwar ta kumbura ta cika wando, tana fitar da ruwa mai wari. Zazzaɓi ya kwantar da shi. Maƙwabta suka kai shi asibiti, aka farke wurin, aka wanke, aka yi ta yi masa allura. Gyambon ya warke daga baya, amma gwiwar ta sandare, ta ƙi lanƙwasuwa. Ba wanda ya zo ya ce masa an sallame shi. An dai sa wani a bakin kwarminsa, shi ke nan.

Wata ranar Lahadi da la'asar Uwaisu ya zo duba shi. Ya same shi a zaure, ƙafa miƙe a tabarma, ƙullin yashi a kai. Uwaisu ya rame, idanunsa sun yi nauyi, maganarsa na jan ƙafa. Aikinsa na nan.

"Bakano, taurin kanka ya ci ka," ya ce, ba da dariya ba. Ya ajiye ƙwayoyi a gefen tabarma. "Yanzu ai ba inji a gabanka. Sha ka samu barci."

Labaran ya dube su. Ciwon na sara tun daga ƙugu har idon sawu, kuma ya san haka zai kwana, haka zai tashi. Ya daɗe yana kallonsu, fiye da yadda zai so a sani. Sannan ya sa bayan hannu ya tura su.

"Rantsuwa ba don inji na yi ta ba."

Uwaisu ya tsince su, ya watsa a baki, ya haɗiye ba ruwa. Ya jingina da bango, kafin wani lokaci kansa ya fara rinjaya, daidai yadda na Muntari ke yi.

"Uwaisu, gobe wane aiki aka ba ka?"

"Injin kankare fata," ya ce, idonsa a rufe.

Labaran ya kai hannu gwiwarsa. Ya taɓa ƙullin yashin, ya ji ya huce. Ya ɗaga murya zuwa cikin gida.

"Hajjo, a sake ɗora kaskon."