Gwangwanin Izar da Aladun Mattin

Sau ɗaya tak tsoho Mattin ya yarda, shi ma sai da Garazi, matar ɗansa, ta yi wata biyu tana lallashi. Ranar Asabar za ta hau dutse da baƙi masu yawon shan iska, su ratsa kurmin da aladunsa ke kiwo a sake.

"Ki ji ni da kyau, uwar Izar," in ji shi. "Watan gaztaina ne, 'ya'yan itacen nan da aladu ke ci na zuba, yanzu suke tara kitse. Aladen da ya yi gudu ya zubar da cin kwana uku. Suka yi gudu, na rufe hanyar nan, ba sauran baƙi."

"Na ji, Aita." Haka take kiransa, wato Baba.

Ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Wannan ne kaɗai aikin da za ta yi da 'yarta Izar goye a baya. In ya kuɓuce mata, sai ta koma tsaron shago a gari, ta bar jaririya 'yar wata tara a hannun wasu.

Mutum takwas suka zo daga birnin Iruñea. A bakin shinge ta tsayar da su: ba ihu, ba fito da burodi, na ƙarshe ya ja ƙyaure.

"Ni fa tsorona kada su ɗauka ɗan'uwansu ne ya dawo," in ji Koldo, wani ƙaton tsohon direba, yana shafa tumbi.

"Ina! Su ai kitsensu na da amfani," in ji matarsa Arantxa.

Aka hau ana dariya. Busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalma, hazo na janyewa daga kwari. Can sama aladu sun bazu, kai baƙi, gindi baƙi, tsakiya fari, kunnuwa sun rufe musu ido, sai turɓuna hanci suke cikin ganye. Ko ɗagowa ba su yi ba. Garazi ta fara sakin jiki.

Sai Izar ta tashi da kuka, irin na haƙori. Garazi ta jijjiga, ta yi waƙa, a banza. Hannunta ya kai aljihu da kansa, ta zaro ɗan gwangwanin da ke kashe rigimar nan a gida, mai ƙwayoyin masara a ciki, ta miƙa ta kafaɗa. Izar ta cafe, ta kaɗa da iya ƙarfinta.

Kacau-kacau.

Kunnuwa arba'in suka motsa a lokaci guda. Nan Garazi ta tuna. Tun suna 'ya'ya, da ƙarar masara a bokiti ake kiran aladun nan.

Suka gangaro, uwar garke a gaba.

"Kowa kan katangar dutsen can! A hankali!" in ji Garazi. Ta juyo da goyon zuwa ƙirjinta, ta rungume da hannu ɗaya, ta ƙwace gwangwanin. Izar ta tsala ihu. Garazi ba ta gudu ba, don ta san in ta gudu za su ƙara wuta. Ta nufe su tana takawa, ta buɗe murfin, ta watsa 'yar masarar cikin ganye.

"Tsaya mana, hajiyar ci! Ƙwaya goma ce, ita kike kashe kanki a kai?"

Uwar garke ta ja birki, ta sa hanci. Sauran suka taru a bayanta suna gurnani, can kuma suka tarar gaztaina ta fi yawa a nan, suka manta da abin da ya kawo su.

"Arantxa, zo ki sauke ni," in ji Koldo daga kan katanga. "Ban san yadda aka yi na hau ba."

Da suka sauko, Mattin na jingine da ƙyaure, hula ta rufe gira. Garazi ba ta jira ya tambaya ba.

"Sun yi gudu, Aita. Laifina ne. Na ba Izar gwangwanin masara."

"Na gani daga nan," in ji shi. "Taku nawa?"

"Kamar hamsin."

"Gangara ko hawa?"

"Gangara."

"Gangara ba gudu ba ce, nauyi ne ya ja su." Ya leƙa fuskar jikarsa, wadda ke ta ajiyar zuciya. "Ke kuma, amarya, shekara sittin ina kiran aladu, ban taɓa samun amsa irin taki ba. Aikina kike nema?"

Izar ta damƙi hancinsa.

"Asabar mai zuwa ki kawo baƙinki," in ji shi, murya a toshe. "Amma masara ba ta ƙara hawa dutsen nan a aljihun kowa."

"To haƙorin fa? Da me zan lallashe ta?"

"Ki bar min ita a gida."

Garazi ta ƙara matse goyonta. "A'a, Aita. Ƙafata ƙafarta. Cokalin katako zan ba ta ta ciza."