Kaset ɗin Tsohon Tela

"Kada ka saka shi a haka, Baba!" Malama ta dafe bakin bidiyon da hannu biyu.

Mai gyaran rediyo ya kalle ta ta saman tabarau. "Shagon nan naki ne ko nawa?"

"Naka ne. Amma dubi farin nan, fumfuna ce. In na'urar ta tauna zaren, shi ke nan, babu wani a duniya."

Shekara goma sha ɗaya tana tara finafinan da mutane suka yi a gidajensu da 'yan'uwansu, ba kamfani ba talla. Ƙannenta har Uwar Kaset suke ce mata. Wannan kuwa wani tela ne ya yi shi, talatin kacal ya buga. Jiya ta gano gidansa, ya tono mata na ƙarshe a ƙarƙashin gado. Ga telan nan a kan benci, ya tsufa, yana ta murza hularsa.

Mai gyara ya yi tsaki, amma ya kwance kaset ɗin. Shi yana goge zaren da auduga, ita tana naɗewa da yatsa a hankali. Har la'asar suna abu ɗaya.

"Ko jariri ba a yi masa irin wannan wankan," in ji shi.

Da suka saka, layuka suka yi ta rawa a talabijin. Malama ta runtse ido. Sai muryar wata mace ta cika shagon, tana yi wa ɗanta faɗa a kan zai sayar da gidan ubansa.

"Ya yi! Wallahi ya yi!" Malama ta buga tsalle, ta manta a bakin titi take.

Tela ya miƙe, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Uwar 'ya'yana ce, Allah ya jiƙanta. Sau bakwai muka maimaita wurin nan, ta kasa daina dariya. Ku duba bakinta, yanzu ma dannewa take."

Da fim ya ƙare Malama ta ciro kaset ɗin, ta miƙa wa telan.

"A'a, 'yata, riƙe. Ɗakina yoyo yake. Amma ranar Asabar zan zo kallo da jikokina."

"Su nawa ne, Baba?"

"Goma sha huɗu."

Kujera biyu ce a ɗakinta, kuma ko ƙannenta ba ta bari su shiga.

"Ku zo da wuri," ta ce. "Zan aro tabarma."